Wanda Zai Ɗauki Kwanon Farko

A ƙungiyarmu akwai wata doka da na daɗe ina alfahari da ita, har mutane suka gaji da jin ta a bakina. Idan muka yi gardama a kan wani aiki, aka ɗaga hannu, ɓangare ɗaya ya yi rinjaye, to ranar da za a fara aikin wanda aka kayar shi zai ɗauki kwanon sarki na farko. Shi zai cika shi da ƙasa ko yashi, ya ɗora a kai, ya kai ya zuba kowa na kallo. Sai bayan nan sauran za su taɓa shebur. Manufar ita ce gardama ta ƙare a kan tabarma, kada wani ya zo wurin aiki da ita a ciki. Yanzu kuwa in na ga kwanon sarki a jingine, ko da a wurin ginin da babu ruwana da shi, sai in ji raina ya ɓaci.

Mu magina ne da kafintoci da masu haƙar rijiya da leburori, da wasu mata masu renon itatuwa, duk a nan Dutsin-Ma. Abin da ya haɗa mu shi ne mun gaji da 'yan kwangila. Za ka wuni kana gina lambatu a unguwar da ba a tambayi kowa ba, ka san sarai ruwa ba nan yake bi ba, ka faɗa, a ce maka aikinka jera bulo ne. Damina na sauka lambatun ya cika da yashi, mutanen unguwa su zage ka, kai da suka gani a cikin ramin, shi kuwa ogan yana can inda ba a ganinsa. Sai muka ce bari mu zama ogannin kanmu. Babu ubangida, babu yaron gida. Shugabanci zagayawa yake yi, kowa ya yi zangonsa ya sauka. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarmi a rumfar da muke ajiye kayan aiki, kuma a nan hannun lebura da hannun babban magini darajarsu ɗaya. Muka kuma yi alkawari ba za mu sa diga a wani lungu ba sai mun zauna da mutanen lungun sun faɗi abin da suke so. Da haka muka yi kwalbatoci, muka gyara rijiyoyi, muka dasa itatuwa a bakin hanyoyi, har aka fara kiranmu daga wasu garuruwa.

Aminina ne ya kawo dokar kwanon. Mai haƙar rijiya ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da in suna yi maka musu sai ka ɗauka lallashinka suke yi. Ni kuwa kowa ya san ni, ba a taka ni in yi shiru, kuma ina zargin saboda ni ya ƙirƙiro ta. Karon farko da ta hau kaina a kan itatuwa ne. Na ce a dasa bedi, wato dogon yaro, a wani layi kusa da tasha, don ba shi da wahalar reno. Matan suka ce mangwaro da gwaiba, yara su samu na tsinka. Suka kayar da ni. Ranar dashe na ɗauki kwano cike da takin awaki ina tafe yana zubo mani a wuya, suna dariya, ni ma ina dariya. Wallahi na ji daɗin ranar. Na ga mun gano abin da manyan ƙasa suka kasa ganowa.

Da Juma'ar ta zagayo na hau babur na tafi Kurfi na ba Gwaggo labari. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, kuma Allah bai bar mata nata ba. Daddawa take yi. Ɗakin da take ciki mijinta marigayi ne ya gina shi da hannunsa, tun daga kwaɓa ƙasa har jera azara, kuma a cikinsa na yi wayo. Ta saurare ni ina ta zuba, na bayyana mata dokar tiryan-tiryan, har da yadda takin ya shiga rigata. Ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ce Allah shi sa kullum taki ne za mu riƙa ɗauka.

Gidanta shi ne na ƙarshe a gangare, bayan wani tsohon kududdufi. Duk gidajen ƙasa na unguwar daga ramin nan aka haƙo su. Da damina ruwan indararo da na rariya da na lungunan tudu duk nan yake taruwa ya kwanta, ƙasa ta sha wani, rana ta sha wani, kafin kaka ya ja baya. Ba zan yi ƙarya in ce wuri ne mai daɗin gani ba. Ya zama juji. Ga leda, ga mushen kaji, ga sauron da ba ya jin hayaƙi. Akuya ta taɓa faɗawa ba ta fito ba, kuma iyaye kullum hankalinsu a tashe saboda yara. Amma shi ne ke tsaye tsakanin ruwan tudu da katangar Gwaggo. Wannan ba sai an je makaranta ba, duk wanda ya taɓa zubar da ruwan alwala ya san inda ruwa yake nufa.

Wani rani sai ga wakilan unguwar sun zo rumfarmu. Sun ji labarin yadda muke aiki, suna so mu cike masu kududdufin, a yi 'yan rumfunan saye da sayarwa a kai, sauran filin a bar wa yara. Da suka faɗi unguwar na gane ta su Gwaggo ce a Kurfi, amma ban tare su ba, don na san tsarinmu: sai an zauna da kowa tukuna. A raina na ce ai nan tsarin zai yi aikinsa.

Aka yi zaman a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Dattijo ne mai adalci, ba ni da abin da zan ce a kansa, duk wanda ya nemi magana ya ba shi. Masu hatsi suka yi magana, malaman makaranta suka yi, matasa suka yi, kowa ya kawo kukansa a kan wari da sauro, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na duba fuskokin da ke kan tabarmi ɗaya bayan ɗaya, duk mutanen tudu ne. To wa zai zo daga gangare? Can gwauraye ne da tsofaffi, da matan da mazansu suka tafi ci-rani kudu, da wasu iyalai da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suka kama haya, waɗanda ba su ga suna da bakin magana a garin da aka ba su mafaka ba. Ba wanda ya hana su zuwa. Wurin zaman da lokacinsa su suka hana su.

Mun yi tanadin wannan, ko kuma haka muke yaudarar kanmu. A cikinmu akwai Hajiya mai dashe, babbar masu renon itatuwa, ita ke shiga gidaje ta ji ta bakin mata. Ta shiga ta fito, ta ce yawancinsu sun ce duk abin da maza suka yanke ya yi, wasu sun ce zazzaɓi ya ishi 'ya'yansu, mace ɗaya ce kawai ta ce ba ta yarda ba. Ba sai ta faɗi ko wace ce ba. A hanyar komawa na tambaye ta ko ta gaya masu inda ruwan zai koma in aka cike ramin. Ta ce ita tambayar da aka aike ta da ita ta yi: a cike, ko a bar shi yadda yake? To don Allah wace uwa ce za ka nuna wa juji ka ce a kwashe ko a bari, ta ce a bari? Haka muka jera tambayar yadda amsa ɗaya ce za ta fito, muka dawo muna cewa jama'a sun yi magana.

Ranar Alhamis na zo da shirina. Na ce akwai hanya ta uku da ba a kai wa kowa ba. A yashe kududdufin, a kwashe shara, a zurfafa shi, a kewaye shi da katanga saboda yara, a dasa itatuwa a gefe, a yi masa mafita zuwa ƙoramar da ke bayan gari. Na zana a ƙasa da tsinke. Na ce ramin nan shi ne randar unguwar, in aka fasa randa ruwan ba ɓacewa yake yi ba, ɗakin wani yake shiga. Na yi magana har muryata ta dushe, kuma na san na yi zafi, don na ga wasu sun fara kallon yatsun ƙafarsu. Sai aminina ya gyara zama.

“Mutumina, mun yi alkawari abin da mutane suka ce shi za mu yi,” in ji shi a hankali. “Sun ce a cike. In muka ce mun hi su sanin abin da ya dace da su, mi ya raba mu da 'yan kwangilar da muka baro? Kuma kowa nan ya san Gwaggo ce a ranka.”

“Gwaggo ce a raina, na ɓoye ne?” na ce. “Ita ba cikin mutanen take ba?”

Ya ce tana ciki, kuma an ji ta, amma ita ɗaya ce. Wannan kalma ta ita ɗaya ce har yau tana ci mani rai. Mutum ɗaya da ruwa zai shiga ɗakinsa, da mutum ɗari da wari ke damu, an ɗora su a sikeli ɗaya an ce an yi adalci. Suka ce kada in damu, za a gina babban lambatu ya zagaya da ruwan zuwa ƙorama. Na ce to a fara gina lambatun. Suka ce tifar da wani mai hatsi ya ba da aro yanzu take hannu, in aka tsaya lambatu za ta kuɓuce, cikon dai a fara. Aka ce a ɗaga hannu. Hajiya mai dashe ta ɗaga tare da ni, da wani tsohon magini. Hannuwanmu ba su isa a ɗaga azara ɗaya ba. Shugaban lokacin ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, aka shafa fatiha, aka naɗe tabarmi.

Na yi tunanin in ƙi zuwa. Na yi tunanin in kwashe kayan aikina in bar masu ƙungiyarsu. Amma ni ne na fi kowa waƙar dokar nan, kuma in na fita wa zai tsaya a kan maganar lambatu? Haka na yi ta juya abin har ranar ta zo.

Da hantsi muka isa Kurfi. Tifa ta riga ta jibge jar ƙasa a bakin ramin, matasan unguwa sun fito gayya, har da mai kalangu. Can ƙetaren kududdufin, daidai inda idona ba ya so ya kai, Gwaggo na tsaye a ƙofar zaurenta dogare da sandarta. Aminina ya ɗauko kwanon ya miƙo mani da hannu biyu, da ladabi, kamar mai miƙa goron ɗaurin aure. Da ma zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Na cika kwanon, na ɗora a kai, na taka har bakin ruwan nan mai kore, na juye. Ƙasar ta nutse, wari ya taso, jama'a suka ɗauki tafi. Aminina ya dafa kafaɗata ya ce wannan shi ne dattako. Na cire hannunsa.

Da aka tashi sallar azahar na zagaya na gaishe ta. Ta yi mani sannu da aiki, ta dama mani fura, ta zauna tana kallona ina sha. Ina jira ta yi faɗa, don da ta yi da na samu inda zan sauke nawa.

“Ai na gan ka,” ta ce. “Ka iya ɗaukar kaya. Ko kaɗan ba ka zubar a hanya ba.”

Ban iya ƙarasa furar ba.

Ciko ya tafi da sauri, don aikin da ake gani da ido ba ya rasa hannuwa. Kafin bazara fili ya miƙe fes, rumfuna sun tashi, an dasa 'yan itatuwa a gefe, masu wucewa suna tsayawa suna sa albarka. Aka fara lambatu. Ya sauko daga tudu lafiya lau, yana tattaro bakin kowane lungu, sai da ya zo kan layin gangare diga ta ci karo da dutse. Fasa dutse aiki ne na haƙuri, ga shi babu mai tafa maka. Ana cikin haka aka kira mu wani babban aikin kwalbati a Dutsin-Ma, kusa da unguwar ɗalibai. Aka kawo maganar kan tabarma. Na ce mu gama abin da muka fara, ba a fafe gora ranar tafiya. Suka ce kwalbatin ma mutane ne ke jira, kuma iyalanmu ba dutse za su ci ba, da an gama za a koma Kurfi. Aka ɗaga hannu, aka sake kayar da ni, na sake ɗaukar kwano. Wannan karon ko kallon inda na zuba ban yi ba.

Ka ga abin da muka bari a Kurfi ya fi a ce ba mu taɓa komai ba muni. Da, ruwan tudu a warwatse yake saukowa, kowane lungu da nasa. Yanzu mun gina masa hanya mai santsi, mun tattara shi wuri ɗaya, mun kawo shi har kan layin su Gwaggo mun sake shi. Duk Juma'a nakan je ni da tsohon maginin nan, mu fasa abin da muka iya na dutsen, mu jera buhunan yashi. Na ɗaure gindin katangarta da duwatsu da siminti. Na san duk wannan dabarar mai neman kwantar da hankalinsa ce. Na roƙe ta ta zo Dutsin-Ma ta yi damina a wurinmu, ɗaki na nan a share.

“In tahi in bar ma wa ɗakin?” ta ce. “Mai shi ya bar mani, ni ban ga wanda zan bar mawa ba.”

Ruwan farko ya shiga tsakar gida ya fita. Na biyu ya kwana a madafa. Na kai maganar kan tabarma, aka ce in sha Allah mako mai zuwa. Mako mai zuwan nan har yau ban ga ranar da ya faɗo ba.

Cikin marka ne, ranar kasuwar Kurfi. Tun safe ake yayyafi, bayan azahar sama ta buɗe. Ina rumfarmu ina kallon ruwa yana bi ta sabon kwalbatinmu yadda ake so, sai ga waya daga maƙwabciyar Gwaggo. Ba ta ko yi sallama ba, ta ce in zo. Na hau babur cikin ruwan, ban san yadda na kai ba. Abin da na fara gani da na shiga unguwar shi ne filin da muka cike. Yana nan a tudu, tsaf, ruwa na gangarewa ta kansa, mutane sun fake a sababbin rumfuna suna kallon ikon Allah. Lambatunmu kuwa ya cika ya batse, yana aman ruwa ja a bakin layin gangare. Na ajiye babur na shiga da ƙafa, ruwa har gwiwa, takalman yara da murafen tukwane suna wuce ni.

Bangon bayan ɗakin ne ya fara zama. Simintin da na ɗaura yana nan daram, ruwan ta ƙofa ya shiga ya jiƙa ginin daga ciki. Da bangon ya tafi sai azara ta biyo shi. Allah ya sa tana zaure tana ƙoƙarin tare ruwa da tsumma, da yanzu wani labarin nake ba da wa. Na same ta a gidan maƙwabta, zaune a kan turmin da aka kifa, zanenta sharkaf, ta rungume wata tsohuwar fitilar ƙwai ta mijinta, ita kaɗai hannunta ya kai gare ta. Gadonta, da kwallayenta, da kalwar da ta tara ta shekara, duk suna ƙarƙashin laka. Ɗakuna biyu na 'yan haya ma sun faɗi a layin. Na durƙusa gabanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ita ce ma ta ce in tashi kada sanyi ya kama ni.

Alhamis ɗin da ta biyo baya rumfa ta cika, har waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Kowa ya yi mani jaje, kuma na yarda har zuci suka yi, don ba mugaye ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ɗaya ne ya yi mana wannan, da na san ƙofar da zan je in tsaya. Amma ga su nan, mutanen kirki, kowa ya ɗaga hannu ɗaya tak, ba wanda nasa hannun ya yi nauyin da zai hana shi barci. Wani ya ce ƙaddara ce, ruwan bana ya fi na kullum. Na ce ruwa na Allah ne, ban musa ba, amma tifa mu muka kira ta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na ce a Kurfi dai ba haka aka yi ba, waɗanda suka ja ruwan suna cikin rumfa a bushe. Aminina bai ɗago kai ba.

Na kawo shawara a sake haƙe kududdufin. Suka ce rumfunan sun riga sun zama abincin mutane, har da gwauraye masu sayar da ƙosai, ba za a gyara ɓarna da ɓarna ba. Aka kayar da ni. Na ce to a canza tsari: daga yau duk aikin da za a yi, a fara neman wanda abin zai faɗa wa, a gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri, kuma in ya ce a'a kada yawan hannu ya danne shi sai an kare shi tukuna. Suka ce magana ce mai kyau, tana son nazari, a bari sai bayan kaka. Lambatu kuwa aka ce gobe-goben nan za a koma kansa, kuma an koma, dutsen da ya gagara duk bazara ya fashe cikin 'yan kwanaki da hannuwa suka taru. Ihu bayan hari. Daga ƙarshe Hajiya mai dashe, wadda shugabanci ya zagayo kanta a lokacin, ta ce tana neman a yarda ƙungiya ta sake gina ɗakin Gwaggo da na 'yan hayar, da gumin kowa. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da nawa. Tun da muka kafa ƙungiyar ban taɓa ganin an haɗu a kan abu haka ba.

Sai da ruwa ya ɗauke muka je. Gwaggo ta ce ita ba ta son bulo, da ƙasa aka gina mata, da ƙasa za a mayar mata. Sai da tifa ta je bayan gari ta ɗebo, don wurin da aka haƙo ɗakin na farko yanzu yana ƙarƙashin rumfunan ƙosai. Aka jibge ƙasar a bakin layi, aka sauke shebur da diga, aka ajiye kwanon sarki a gaba kamar kullum. Sai kowa ya tsaya. Jiki ya saba, ba mai taɓa shebur sai an kai kwanon farko. Muka yi cirko-cirko muna kallon juna. Hajiya ta ce wannan karon fa ba wanda aka kayar, doka ba ta faɗi yadda za a yi ba. Wasu suka yi 'yar dariya. Aminina ya sunkuya zai ɗauka, ina jin yana so ya sauke wani abu daga ransa.

“Ajiye, ɗan nan.”

Gwaggo ce, ta fito daga zauren maƙwabta. Ta jingine sandarta a bango, ta zo ta tsaya a kan kwanon.

“Yaron ga ya gaya mani dokarku tun tuni,” ta ce. “Wanda ya ce a'a aka hi shi yawa, shi ka ɗaukar na hwarko. To ni na ce a'a.”

Hajiya ta fara ba ta haƙuri, tana cewa Gwaggo ai dokar ta 'yan ƙungiya ce. Gwaggo ta ce da aka zo ƙirga ta a ce ita ɗaya ce, ba a tambaye ta ko 'yar ƙungiya ce ba. Ta warware ɗankwalinta ta naɗa gammo, ta dube ni ta ce in cika mata. Na ɗebo rabin shebur na zuba.

“Cika shi yadda ka cika naka.”

Na cika. Na ɗaga na ɗora mata, na ji wuyanta ya ɗan lanƙwasa kafin ya tsaya. Ta kama hanya a hankali, ƙafa babu takalmi, ta bi ta tsakiyar mutanen da suka ɗaga hannu, suna matsawa suna ba ta wuri. Na bi ta a baya hannuwana a buɗe, ban taɓa kwanon ba, don na san in na taɓa ba za ta yafe mani ba. Ta shiga kangon, ta je daidai inda gadonta yake a da, ta juye. Ba wanda ya tafa. Ta kifa kwanon a ƙasa, ta karkaɗe hannuwanta, ta juyo ta dube mu.

“To, gardama ta ƙare,” ta ce. “Ku hwara.”

Shebur na nan a gaban kowa, amma an daɗe kafin wani ya iya sunkuyawa.